Yadda za ka gano asalin tablon da ka hango a bango cikin fim ɗin tele

Ni dai in muna kallon fim ɗin tele a gida nan Yamai, idona na kan bango, don kowane tablo da aka rataya akwai hannun da ya zana shi, kuma sau da yawa ba a faɗin sunan mai hannun. Abin na damuna wallahi.

Farko tsayar da fim ɗin a inda tablon ya fito sosai, ka ɗauki hoto da salularka, ka yanke kawunan 'yan wasa ya rage zanen kaɗai, sai ka sa shi a Google Lens, manhajar nan da ke nemo bayanin hoto a intanet. In akwai rubutu a jiki to ka huta. Dubi babban hoton nan na falon Monica a fim ɗin tele na Amurka Friends mai rubutun "Jouets", mu da muka yi lakwal da Faransanci mun san kayan wasan yara ne, ashe tallar wani kanti ce a Paris, Jules Chéret ya zana ta a 1885.

In Lens bai kawo komai ba kar ka kashe tele da fim ya ƙare, jira sunayen nan da ke wucewa ka nemo mai ƙawata ɗaki, shi ya san ko haya aka yi, ko saya, ko an sa wani ya zana musamman saboda kar mai haƙƙi ya kai ƙara. Haka mai zane Ernie Barnes ya riƙa zana wa fim ɗin tele na Amurka Good Times, ga shi a 2022 an sayar da zanensa The Sugar Shack sama da dala miliyan 15. Wani masanin zane ɗan Hangari ma, Gergely Barki, yana kallon fim ɗin Stuart Little da 'yarsa a 2009 ya hango zanen Róbert Berény da aka daɗe ana cigiya, ya dinga aika wasiƙu har ya samu mai ƙawata ɗakin fim ɗin wadda ta saye shi a shagon tsofaffin kaya.

Namu na gida kuwa intanet ba ta cika saninsu ba. Ɗauki hoton ka je Wadata wajen masu sana'ar hannu ko gidan tarihi na Boubou Hama, ka gaida dattijon da ka tarar da kyau, ka ce Baba ko kun san aikin wane ne wannan? Su suna gane hannun junansu. In ka samu sunan, rubuta shi ƙarƙashin hoton kafin ka tura a WhatsApp.