Yadda ake canza injin kwamin wanka na roba idan ya mutu

Kwamin wanka irin na Intex da Bestway, wanda ake kafawa a tsakar gida ko a wuraren wasan yara lokacin Sallah, lafiyar ruwansa gaba ɗaya tana hannun ƙaramin injin nan da ke gefe yana jan ruwa yana tacewa. Idan ya tsaya a zafin watan Afrilu, kwana biyu zuwa uku ruwan zai fara dishi-dishi, daga nan gansakuka ta kama bango. Wannan ne ke sa mutane gaggawa, su ruga kasuwa su sayo duk wanda suka gani, su jona, kafin mako ya zagayo sabon ma ya bi sahun tsohon. Na sha ganin haka, kuma kusan kullum a wuri ɗaya ake yin ɓarnar.

Kafin ka kashe kuɗi, tabbatar ya mutu ɗin. Wasu injinan suna da ɗan akwati a jikin fulogi mai maɓalli biyu, wanda ke katse wuta da kansa idan ya ji matsala. Danna na mayarwa ka gani. Idan kuma injin yana gurnani amma ruwa ba ya motsi, zare fulogi, ka buɗe murfi ka ciro filta, ka leƙa ƙasa wurin farfela. Gashi, ganye, zare, har robar ɗaure kitson yara kan naɗe a wurin su hana ta juyawa. Amma idan ka ji ƙaurin ƙonewa, ko ruwa ya shiga ɓangaren motar lantarkin da ke juya farfela, kada ka kai wa mai rewayin, wato mai sake naɗa wayar inji. Ƙananan nan a rufe ruf ake ƙera su, wanda aka fasa aka liƙe kuwa ban yarda a ajiye shi kusa da ruwan da yara ke shiga ba.

Kada ka zubar da ruwan kwamin. Wanda ya taɓa biyan kuɗin tanka ko na 'yan ga-ruwa don cika shi ya san dalili. A cikin kwalin da kwamin ya zo akwai wasu baƙaƙen robobi na toshewa. Daga ciki za ka zare ragar da ke bakin kowane rami ka cusa robar, sannan ka kwance tiyo. Manyan kwamaye suna da bawul a waje, shi murɗawa kawai za ka yi ka kulle. Idan robobin sun ɓata, ɗaga bakin tiyon sama da tsayin ruwa ka ɗaure a jikin ƙarfen kwamin. Ɗauki hoton yadda tiyon yake a jone kafin ka taɓa komai.

Wajen saye, fara karanta takardar da ke liƙe a jikin injin kansa, kada ka tsaya ga kwali. Wanda aka yi wa kasuwar Amurka wutar 110 zuwa 120 yake ci, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce. Irin waɗannan suna yawan fitowa a cikin kayan gwanjo da arha mai jan hankali, kana jonawa zai ƙone nan take. Sai girma. Kwami mai faɗin santimita 366 da tsayin 76 yana cin lita 6,500 ko kusa da haka, mai faɗin 457 da tsayin 122 kuwa ya kai lita 16,800. Injinan suna zuwa a lita 1,250, da 2,006, da 3,785, da 5,678 a awa guda. Abin da ake so shi ne duk ruwan ya ratsa filta aƙalla sau ɗaya a rana. Injin lita 2,006 a kan babban kwamin zai buƙaci fiye da awa 8 a lissafin takarda, a aikace kuma ya fi haka, don filta da tiyo suna rage masa ƙarfi. Wa ke da tabbacin wutar awa 8 a jere? Saboda haka ka hau mataki ɗaya sama da wanda ya zo da kwamin, ko da zai ɗan ciji aljihu. Man janareta da za ka rage zai biya bambancin.

Tafi kasuwa da tsohon tiyonka a hannu. Baki iri biyu ne, milimita 32 da 38, kuma manyan injina da 38 suke zuwa. Idan kwaminka na 32 ne sai ka haɗa da mahaɗin da Intex ke kira Adapter B. Masu naɗa leda da robar tayar keke don cike gibin, ɗiga ba ta barinsu. Ka kuma tambayi irin filtar da injin ke ci, ka tabbatar ana samunta a garinku.

Ajiye sabon injin a ƙasa, a kan shimfiɗaɗɗen siminti ko faffaɗan katako, inda ruwan sama ba ya kwanciya. Kada ka ɗora shi a kan tebur ko bulo wai don ya tsira daga jiƙa. Waɗannan injinan ba su iya zuƙo ruwa daga ƙasa zuwa sama kamar injin rijiya, ruwan ne ke gangarowa cikinsu da nauyinsa, don haka dole su zauna ƙasa da tsayin ruwan kwamin. Jona tiyo yadda hotonka da alamun jikin injin suka nuna: rami ɗaya shi ke kai ruwa inji, ɗayan shi ke dawo da shi. Shafa ɗan basilin a zoben robar murfi, ka ɗaure komai da hannu. Filaya tana tsaga robar.

Yanzu ga inda sababbin injina ke mutuwa. An gama jonawa, rai ya yi daɗi, sai a kai hannu ga soket. Dakata. A wannan lokacin cikin injin da tiyo duk iska ce, kuma ruwan da ke ratsa injin shi ke sanyaya shi. Farfela ta juya a bushe na ɗan lokaci, robobin ciki su yi zafi su lalace, injin ya ci gaba da aiki kamar lafiya lau, bayan kwanaki ya fara ɗiga ko ya tsaya cak, a ce ai jabu aka sayar. Cire robobin toshewa ka mayar da raga, ko ka buɗe bawul duka biyu. Mutane da yawa ɗaya suke buɗewa su manta da ɗayan. Sannan ka duba saman murfin injin, akwai ɗan ƙaramin abin murɗawa na fitar da iska. Sassauta shi zagaye ɗaya ko biyu, za ka ji iska tana fita tana huci. Kada ka rufe da ganin ɗigon farko, domin ruwan kan fito da kumfa yana tsartuwa alhali da sauran iska a baya. Ɗaga tiyon ka girgiza shi tun daga bakin kwami har zuwa inji, musamman inda ya yi doro, nan iska ke maƙalewa. Sai ruwa ya fito sumul ba yankewa, sannan ka ɗaure.

Kunna, ka sa tafin hannu a bakin ramin da ruwa ke dawowa. Ya kamata ka ji yana turo ka da ƙarfi cikin 'yan daƙiƙu. Idan shiru, ko ƙarar injin ta zama kamar ana markaɗe, kashe nan take ka sake fitar da iska. Kada ka tsaya jira wai zai kama da kansa. Kuma wannan aikin ba na ranar farko kaɗai ba ne, duk ranar da ka buɗe murfi don wanke filta sai ka maimaita shi. Ka koya wa yaron da ke kula da kwamin, don shi zai riƙa buɗewa ba kai ba. Haka in ruwa ya ragu ya sauka ƙasa da raga, injin iska zai sha.

Batun wuta ba na sassauci a kansa. Sa mai gyaran wuta ya kafa soket mai wayar ƙasa da birekar nan mai katsewa idan wuta ta zurara, nesa da kwamin da mita 3.5 aƙalla. Ban da jona waya a kan waya a bar ta kwance a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Idan wutar unguwarku tana yawan yin ƙasa, haɗa da sitabilaiza. Kuma a kashe injin a zare fulogi duk lokacin da mutum zai shiga ruwan.

Idan ruwan ya riga ya yi kore, zuba kulorin da yamma, ka goge bango da ƙasa da burushi, ka bar injin ya yi ta aiki. Filta za ta toshe da wuri a kwanakin farko, sai ka riƙa wanke ta kullum har ruwan ya washe. Bayan haka ana canza ta duk mako biyu, lokacin ƙurar hunturu kuma ka rufe kwamin da tamfol in ba a amfani da shi.