Yadda ake auna wucewar zaren DNA ta ƙaramar kafa

A tanadi ƙananan mazubai biyu cike da ruwan gishirin fotasiyam kulorayid (KCl) mai ƙarfin mola 1 (mola ma'aunin yawan gishiri ne a ruwa), a raba su da siririn tantanin kitse mai ninki biyu, sannan a tsoma sandar azurfa mai rufin kulorayid a kowane ɓangare, domin ta sandunan nan lantarki zai bi. A ɗiga furotin alfa-hemolisin, wanda ƙwayar cutar Staphylococcus aureus ke fitarwa, shi ne zai huda kafar a tantanin, a ɗora ƙarfin lantarki na milivolt 120 tsakanin sandunan, a zuba wa allon kwamfuta ido. Da zarar kafa ɗaya ta buɗe a tantanin, lantarkin da ke gudana zai tashi zuwa kimanin fikoamfiya 120 (fikoamfiya ɗan ƙaramin ma'aunin gudun lantarki ne). Nan take a wanke sauran furotin, domin kafa ta biyu za ta dagula lissafi gaba ɗaya.

Daga nan sai a zuba DNA mai zare ɗaya a ɓangaren sandar nagetif. Mai zare biyu ba zai wuce ba, saboda kaurinsa ya kai nanomita 2 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), alhali maƙogwaron kafar bai wuce kusan 1.4 ba.

A nan ne haƙuri yake da amfani, kuma a ganina nan ne zuciyar aikin. Dogon zare a cikin ruwa ba ya miƙewa, dunƙulewa yake yi, yana ta sauya siffa saboda zafin ruwan, kamar zaren da ya cukurkuɗe a hannun tela yana neman kafar allura. Kafin ya shiga dole bakinsa ya dace da kafar, kuma dole ya rasa dubban siffofin da yake iya ɗauka. Wannan asara ce masana ke kira shingen entrofi. Cajin nagetif na fosfet da ke jikin zaren shi ke ba lantarki abin kamawa har a ja shi ya tsallake shingen. Idan aka rage milivolt, shigar takan ragu ƙwarai.

Duk lokacin da zare ya shiga, yakan toshe kafar, sai lantarkin ya faɗi zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma, ya dawo idan ya fita. A rubuta zurfin faɗuwar da tsawon lokacinta. Gajerun faɗuwa marasa zurfi galibi karo ne kawai, zaren ya taɓa bakin kafar ya koma, don haka a ware su. Masana Kasianowicz da Brandin da Branton da Deamer sun nuna a 1996 cewa lokacin wucewa yana ƙaruwa daidai da tsawon zaren. Idan gudun zaren ya fi ƙarfin na'urar awon, a sanyaya ruwan ko a ƙara masa gilisarol, wani sinadari mai yauƙi, ya yi kauri.