Darasi na 9: Ƙashin Baya da Laka

Kai hannunka bayan wuyanka, ka sunkuyar da kai. Ka ji wani ƙashi ya turo? Bi shi da yatsa zuwa ƙasa. Waɗannan su ne gaɓoɓin ƙashin baya. Guda 33 ne: 7 a wuya, 12 a inda haƙarƙari ya kama, 5 a ƙugu, sauran 9 kuma sun manne da juna a can ƙasa. Tsakanin gaɓa da gaɓa akwai guringuntsi mai taushi, kamar gammon ɗan dako, shi ke hana su gogar juna.

A tsakiyar gaɓoɓin akwai rami, ta nan laka ta bi. Duk wanda ya taɓa gwaguyar wuyan ragon layya ya san ta, farin abin nan mai laushi. Daga ƙwaƙwalwa ta taso, ita ke kai saƙo hannu da ƙafa da mafitsara. Ƙashin babban mutum idan ya karye yakan haɗe cikin sati 6 zuwa 12. Laka kuwa idan ta tsinke, har yau likitoci ba su da hanyar ɗinke ta.

Karanta wannan labari da ƙarfi.

Mota ta bugi adaidaita sahu a titin Katsina. Wani saurayi ya faɗo gefen kwalta. Nan take jama'a suka taru, wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa.

"Ku dakata, samari!" in ji wani dattijo mai sayar da goro.

"Baba, ai asibiti za mu kai shi."

"Za ku kai shi, amma ba a naɗe kamar tabarma ba." Ya durƙusa. "Sannu, yaro. Ina ke maka ciwo?"

"Wuyana, Baba. Ƙafafuna kuma kamar ba nawa ba."

"To, kada ka juya kai."

Dattijo ya sa aka ciro faffaɗan katako daga rumfar mai shayi. Mutum ɗaya ya riƙe kan yaron da hannu biyu, uku suka tallabe kafaɗa da ƙugu da ƙafafu, suka ɗaga shi lokaci ɗaya, jikinsa a miƙe. Aka sa tsumma hagu da dama na kansa. Ba a cusa shi a adaidaita ba, sai aka tsayar da a-kori-kura aka shimfiɗe shi a baya.

Abin da dattijon ya sani ke nan: gaɓar da ta karye tana iya zama a wurinta, laka na nan lafiya. Ɗaukar gaggawa ce ke gotar da ita ta yanki laka. Taimako ne aka yi niyya, amma mutum ya ƙare a kan keken guragu. Idan da waya a hannu, lambar jami'an kiyaye haɗurra ita ce 122.

Mu a Kano Allah ya hutar da mu doguwar tafiya. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan tun 1959, kuma har daga Nijar ake zuwa. Ga kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya, inda ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero ke koyon aiki. A irin waɗannan asibitoci za ka ga babban likita ya zo zagaye da ayarin matasa a bayansa, suna tambaya suna rubutu. Wasu marasa lafiya kan ji haushi, su ce an mai da su allon karatu. Ka kwantar da hankalinka, babban ne ke yanke shawara, kuma ido da yawa ya fi ido ɗaya.

Za a fara da hoton ƙashi. Idan ana son ganin laka da jijiyoyi sai a tura ka hoton MRI, wanda ya fi tsada. Ba kowa ake yi wa tiyata ba. Wani rigar wuya ko ta baya za a sa masa, wani magani da gashin ƙashi. In aikin ya zama dole, sai an yi maka bayani kafin ka sa hannu ko ka dangwala. Kada kunya ta hana ka cewa, "Likita, a maimaita mini da Hausa."

Masu ɗori fa? Mun gaje su, kuma kowa ya san wanda aka ɗora ya miƙe. Sai dai mai ɗori ba ya ganin cikin jiki. Baya da wuya ba wurin ja da murza ba ne. Ko a hannu ko ƙafa, idan an ɗaure da karare ka ga yatsu sun kumbura, sun yi sanyi ko sun yi baƙi, jini ne ba ya wucewa. A kwance ɗaurin, a tafi asibiti a ranar.

Ciwon baya na yau da kullum, irin na mai dakon buhu a Dawanau ko tela da ke wuni a kan keke a Kwari, yawanci yana lafawa cikin 'yan makonni. Wanda ba a kwana da shi a gida shi ne mai zuwa da mutuwar ƙafa, ko dindiris a tsakanin cinyoyi, ko fitsari da bayan gida su riƙa kufcewa ko su ƙi fita. Haka ciwon baya mai tafe da rama da zazzaɓi da gumin dare: tarin fuka yana cin ƙashin baya har ya fitar da doro, kuma yana da magani. Haɗin ƙwayoyin kemis da ake sha kullum don gajiya yana rufe ciwon ne kawai, yana kuma taɓa ciki da ƙoda.

Aiki

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku a littafinka: ƙashi, laka, ɗori, gaɓa, ƙugu. Kula da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ.

Gaɓoɓin wuya 7, na haƙarƙari 12, na ƙugu 5. Nawa ke nan?

Me ya sa dattijo ya hana a sa yaron a adaidaita?

Gobe kowa ya zo da tsohon katin asibiti daga gida. Za mu nemo inda aka rubuta lambar kati da ranar dawowa, mu karanta su tare.