Wurin ƙwai ga tsakar damisa

'Yan'uwa masu kiwon tsakar damisa (wata irin tsaka mai ɗigo-ɗigo kamar damisa, wato leopard gecko), da kun ga mace ta rage ci tana tone-tone, to ƙwai ya kusa. Ku samo robar ajiye abinci mai murfi, ku huda mata ƙofa, ku zuba ɓawon kwakwa niƙaƙƙe mai danshi, wanda in an matse ruwa ba ya ɗiga. Bibbiyu take sakawa, bayan sati 2 zuwa 4 ta sake, don haka kada garin kalsiyam ya yanke mata.

Don Allah kada ku juya ƙwan. Ku yi alama da fensir a samansa kafin ku ɗauka. Zafin wurin da aka ajiye ƙwan don ƙyanƙyasa, in digiri 27 ne a ma'aunin Celsius yawanci mata yake fitarwa, 32 kuma maza.