Ku riƙa yankan tikitin jirgin safe

'Yan uwa masu tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Abuja ko Legas, in za ku bi kamfani mai araha, ku zaɓi tashin farko na safe.

Waɗannan kamfanoni jiragensu kaɗan ne. Jirgi ɗaya zai wuni yana zirga-zirga tsakanin garuruwa. In ya makara a zangon farko, makarar nan za ta bi shi har dare. Matuƙa ma doka ta ƙayyade musu sa'o'in aiki, don kare rayukanmu. Da lokacinsu ya cika dole su sauka, in babu madadinsu sai a soke tafiyar.

Kafin ku biya, ku tambayi mai yankan tikiti ko a Kano jirgin yake kwana. In sai ya taso daga Legas, dabarar ta rage ƙarfi.

Haka ma lokacin hunturu, Disamba da Janairu, hazo kan hana tashi ko da safen ne.

In jinkiri ya yi tsawo, don Allah kada ku huce kan yaran da ke aiki a kantar kamfanin, ba laifinsu ba ne. Ku nemi jami'an NCAA, wato hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, masu kare haƙƙin fasinja, ku kai ƙorafi da tikitinku a hannu.