Yadda Ake Shirya Gilashin Jini da Ƙirga Ƙwayoyin Maleriya Domin Bincike

Likitan ƙoda da ke neman dalilin kumburin yaro, da mai tantance masu ba da jini, da mai bin diddigin halayyar yaran da suka farfaɗo daga maleriyar ƙwaƙwalwa, duk a wuri ɗaya suke haɗuwa, wato kan ɗan gilashin da aka shafa wa jini aka rina. A 1880 Alphonse Laveran ya fara ganin ƙwayar cutar a jinin marar lafiya a Aljeriya, a 1904 kuma Gustav Giemsa ya fito da rinin da har yau ake kira da sunansa. Gwajin gaggawa na ɗan tsinke ya rage wa asibitoci wahala, amma ba ya faɗin yawan ƙwayoyin da ke jini, kuma irin wanda ke neman furotin HRP2 da ƙwayar cutar ke fitarwa yakan ci gaba da nuna akwai cuta makonni bayan mutum ya warke. Shi kuwa bincike lamba yake so, da sunan nau'in ƙwayar. Waɗannan biyun gilashi ne ke ba da su, idan an shirya shi yadda ya kamata.

Kafin a taɓa yatsan kowa

Tun da bincike ne, sai an nemi izini a rubuce. Idan yaro ne, iyaye ko mai riƙonsa su sa hannu, shi ma yaron a nemi yardarsa in ya kai ya fahimci abin da ake faɗa masa. A kan gilashin lambar sirri ake rubutawa da kwanan wata, ba suna ba, kuma da fensir a gefen da aka dusashe. Tawadar biro da ta maka duk metanol, wato sinadarin da ake kafe shafin jini da shi, na wanke su, a wayi gari da gilasai hamsin ba a san na wane ne ba.

Gilashin kansa ya zama sabo ko wankakke tas, babu maiƙo babu ƙarzuwa, a riƙa kama shi ta gefe. Maiƙon yatsa kaɗan ya isa ya sa jini ya ƙi kwanciya, ya bar ramuka. A tanadi safar hannu, da sabon tsinken huda yatsa ga kowane mutum, da auduga, da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, da metanol tsantsa a kwalba mai rufi gam, da kwandon zuba abubuwa masu kaifi.

Ɗaukar jini da shafawa

Yatsan tsakiya ko na zobe ake hudawa, a gefen tsokar, ba tsakiyarta ba. Jariri kuwa dunduniya ko babban yatsan ƙafa. A goge da sifirit a jira ya bushe sarai, domin sifiritin da ya gauraya da jini yana lalata jajayen ƙwayoyi. Ɗigon farko a share shi da busasshiyar auduga. Kada a matse yatsan da ƙarfi. Ruwan tsoka zai tsarma jinin, lambar da za a samu ta yi ƙasa da gaskiya.

Shafi biyu ake yi a gilashi ɗaya. Siriri na buƙatar ɗan ƙaramin ɗigo, kimanin maikurolita 2 (maikurolita 1,000 ne mililita ɗaya), a tsakiyar gilashin. Mai kauri na buƙatar kimanin maikurolita 6, wato ƙananan ɗigo biyu zuwa uku, kusa da gefen rubutu. Da siririn ake farawa saboda shi ke saurin daskarewa. A ɗora gefen wani gilashi mai santsi a gaban ɗigon, a karkace shi kamar digiri 45, a ja shi baya har ya taɓa jinin, a bari jinin ya bi gefen, sannan a tura gaba sau ɗaya ba tsayawa. Shafi mai kyau yakan ƙare da wutsiya kamar harshe, inda ƙwayoyin suka kwanta ɗaya kusa da ɗaya ba su hau juna ba. Jinin mai ƙarancin jini ruwa-ruwa ne, yana gudu har ƙarshen gilashi. A irin wannan sai a ɗan ƙara miƙar da gilashin turawa, a kuma yi saurin tura shi.

Da kusurwar gilashin turawar a haɗe ɗigon shafi mai kauri, a zagaya sau uku zuwa shida har ya zama da'ira mai faɗin kimanin milimita 12. Tsohuwar dabarar auna kauri har yanzu ita ce mafi sauƙi: a ɗora gilashin a kan rubutun jarida tun jinin bai bushe ba. Idan ana iya karanta rubutun da ƙyar, daidai ne. Idan ba a ganinsa, ya yi kauri, zai ɓare lokacin rini. Idan ana karantawa sarai, ya yi siriri, ƙwayoyi kaɗan za a samu.

Idan daga kwalbar EDTA, wato mai sinadarin hana jini daskarewa, za a ɗebi jinin, a shafa cikin awa ɗaya. Jinin da ya daɗe a kwalba yana sauya wa ƙwayoyin cutar siffa, kuma shafinsa mai kauri bai cika kama gilashi da kyau ba, sai an ba shi ƙarin lokacin bushewa.

A shanya a kwance a wuri mai daidaito, a rufe. Ƙuda da kiyashi da kyankyaso na cin busasshen jini, kuma ƙuda kan bar nasa ƙwayoyin a kai. Shafi mai kauri na son aƙalla minti 30, kwana ɗaya ya fi. Ba a shanya shi a rana ko kusa da wuta.

Metanol: na siriri ne kaɗai

Nan ne aka fi yin ɓarna. Hikimar shafi mai kauri ita ce ruwan rini ya fasa jajayen ƙwayoyin, launinsu ya fita, a bar fararen ƙwayoyi da ƙwayoyin cuta a fili. Da zarar metanol ya taɓa shi, ko tururinsa, ko zafi mai yawa, jajayen ƙwayoyin sun kafe ke nan, ba za su fashe ba, sai a ga dunƙule mai duhu wanda ba a iya karanta komai a ciki. Saboda haka a karkata gilashin, shafi mai kauri a sama, a tsoma siririn kaɗai cikin metanol na daƙiƙa biyu ko uku, a jingine shi a haka har ya bushe. A yanayin zafi da laima shafin kan kafe da kansa idan ya yi kwanaki ba a rina ba, don haka masu aikin fili kada su tara gilasai har sati.

Metanol da aka bari a buɗe yana zuƙar laima daga iska. Alamarsa ita ce jajayen ƙwayoyi masu ƙyalƙyali da ramuka kamar kumfa a tsakiya. In an ga haka a zubar da shi.

Haɗa rini

Uwar rinin ana haɗa ta da garin Giemsa giram 3.8, metanol mililita 250, da gilisarol mililita 250, a ajiye a kwalba mai duhu. Ruwa ko ɗigo ɗaya kada ya shiga cikinta. A zuba ta aikin kwanaki a ƙaramar kwalba, a tace, daga nan a riƙa ɗiba da busasshen bututu.

Ruwan tsarmawa ya tsaya a pH 7.2, wato ma'aunin tsamin ruwa. Ana samun sa da giram 0.7 na KH2PO4 da giram 1.0 na Na2HPO4 a lita ɗaya ta ruwan distil, ko da ƙwayar da ake sayarwa don haka. A auna kullum kafin aiki. Idan ruwan ya yi tsami, gilashin zai fito ja-ja, jikin ƙwayar cutar ya dusashe. Idan pH ɗin ya haura 7.2, komai zai yi shuɗi, jan ɗigon da ake nema ya ɓace. Ɗigon Schüffner, wato tsaki-tsakin jar ƙwaya da ake gane nau'in vivax da ovale da su daga sauran nau'o'in ƙwayar maleriya, ma ba sa fitowa sai a wannan ma'auni.

Hanya biyu ce. Ta gaggawa kashi 10 cikin 100: mililita 1 na rini cikin mililita 9 na ruwa, minti 10 zuwa 15, kowane gilashi na shan kimanin mililita 3. Ta a hankali kashi 3 cikin 100: mililita 3 cikin 97, minti 45 zuwa 60. Ta biyun ita ta dace da bincike, don ta fi fitar da launi kuma gilashin ya fi jure ajiya. Tsarmammen rini a yi amfani da shi nan take, ragowar a zubar. Kowace sabuwar kwalba a gwada ta da gilashin da aka san yana da cuta, domin lokacin rini kan ɗan bambanta daga haɗi zuwa haɗi.

Wajen wankewa kada a tsiyaye rinin tukuna. Akwai wata yana mai sheƙi da ke taruwa a samansa. Idan aka tsiyaye sai ta kwanta a kan jinin ta zama tsaki-tsaki masu kama da ƙwayar cuta. A zuba ruwa a hankali daga gefen siriri har yanar ta malale, sannan a jingine ya bushe.

Dubawa da ƙirgawa

A maikuroskop, da gilashin ido mai lamba 10 da na ƙasa mai lamba 100, da ɗigon mai, ake karatu. A fara da shafi mai kauri, a wurin da fararen ƙwayoyi suka bazu daidai. Ƙwayar cuta ta gaskiya tana da jan ɗigo da shuɗin jiki tare. Abin da ke da ɗaya kawai, a yi shakkarsa: yawanci filatilet ne, wato ƙananan ƙwayoyin da ke daskarar da jini, ko tsakin rini. Ba a cewa babu sai an duba filin kallo 100 aƙalla, a bincike ma 200 ake so.

Ƙirga ana yi da 'yar na'urar ƙirge biyu, ɗaya ta ƙwayoyin cuta, ɗaya ta fararen ƙwayoyi. Idan fararen sun kai 200 kuma an samu ƙwayar cuta 100 ko fiye, a tsaya. Idan ba su kai 100 ba, a ci gaba har fararen su kai 500. Sai a ninka adadin ƙwayoyin cuta da 8,000, a raba da adadin fararen. Misali, 250 a kan farare 200 ya ba da 10,000 a kowace maikurolita. Wannan 8,000 ɗin ƙiyasi ne kawai. Yaron da fararen ƙwayoyinsa 16,000 ne, lissafin zai rage masa rabi. Wanda nasa 4,000 ne, zai ninka masa. In akwai ainihin adadin daga na'urar ƙirga jini, da shi za a yi lissafi, a kuma rubuta a rahoto wanne aka yi amfani da shi. Ƙwayoyin cuta masu siffar jinjirin wata, waɗanda sauro ke ɗauka, daban ake ƙirga su. Idan ƙwayoyin sun cika fili har ba sa ƙirguwa, a koma siriri a ƙirga jajayen ƙwayoyin da suka kamu cikin kimanin 5,000.

A wutsiyar siriri ake tabbatar da nau'i. Falciparum ƙananan zobba ne sirara, wani lokaci biyu ko uku a ƙwaya ɗaya, wasu manne a gefe. Vivax na kumbura jar ƙwayar, ovale na mai da ita kamar ƙwai mai tsage-tsagen baki. Malariae ba ta kumbura ta, sau da yawa takan kwanta a tsakiya kamar ɗamara. Samfurin da ya fito daga kudu maso gabashin Asiya, idan ya yi kama da malariae, a aika shi gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayar halittar cutar, domin wani nau'i mai suna knowlesi haka take kama kuma ta fi haɗari.

Abin da lambar ba ta faɗa

Farare 500 daidai suke da kimanin maikurolita 0.06 na jini. Ledar jini kuwa mililita 450 ce, wato maikurolita 450,000. Mai ba da jinin da ke da ƙwaya ɗaya tak a kowace maikurolita zai wuce gwajin gilashi lafiya lau, alhali ledarsa na ɗauke da ƙwayoyi 450,000, kuma sanyin digiri 2 zuwa 6 da ake ajiye jini ba ya kashe su cikin kwanaki. Mai binciken ƙarin jini ya rubuta "ba a gani ba", kada ya rubuta "babu", ya kuma ɗiga jinin a takardar tacewa ya shanya domin PCR.

Malariae ta fi kowa wannan ɓuya. Takan zauna a jini shekaru da yawa ba zazzaɓi, kuma ita aka danganta da ciwon ƙodar yara mai zubar da furotin a fitsari da kumburin jiki. Mai binciken ƙoda da ya tsaya da zarar ya ga zoben falciparum zai rasa ta. Ya ci gaba da duba ƙarin filaye don neman nau'i na biyu.

Falciparum kuma idan ta girma tana manne wa bangon ƙananan jijiyoyin jini, har na ƙwaƙwalwa, ba ta yawo. Yaro na iya kasancewa cikin doguwar suma da lamba ƙarama a gilashi. Baƙin tsakin maleriya a cikin fararen ƙwayoyi alama ce ta nauyin cutar, a rubuta shi. Akasin haka ma na faruwa: binciken gawa da aka yi a Blantyre ta ƙasar Malawi, aka wallafa a 2004, ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da aka ɗauka maleriyar ƙwaƙwalwa ce ta kashe su, wani ciwon ne daban, ƙwayoyin jininsu rakiya kawai suka yi. Duk mai shirin bin waɗannan yara don auna farfaɗiya, ko rashin natsuwa, ko wahalar koyo bayan warkewa, ya haɗa da duban bayan ido, inda alamun ainihin maleriyar ƙwaƙwalwa ke bayyana, tun ranar kwantarwa, in ba haka ba zai gauraya cututtuka biyu a rukuni ɗaya.

Kowane gilashi mutum biyu su karanta, kowa bai san sakamakon ɗan'uwansa ba, kuma ba su san rukunin da mai jinin yake ba. Idan suka saɓa a kan akwai ko babu, ko nau'i, ko lambobinsu suka yi nisa fiye da iyakar da aka rubuta tun kafin fara binciken, na uku ya raba gardama. Bayan karatu a kifa gilashin a hankali kan takarda mai laushi ta tsotse man, ba a gogewa, a jera a akwatin gilasai bisa lamba, a ajiye a wuri busasshe marar haske.