Daga Akra zuwa nutso a Bahar Maliya: shirin kaya da ranar dawowa

Ɗan'uwa, barka da zuwa Akra, wadda za ka ji dattawan Nima da Sabon Zango suna ce mata Ankara. Idan zama ya miƙa har ka fara sha'awar zuwa hutu ka nutsa cikin teku da tukunyar iska a gadon baya, fara da takardu. Masar da Tanzaniya, inda za ka iya zuwa nutson, ba yankinmu na Afirka ta Yamma ba ne, sai fasfo mai sauran aƙalla wata 6. Baƙon da zai nemi biza daga nan, ofisoshin jakadanci kan tambaye shi shaidar izinin zama a Ghana, don haka gyara wannan kafin ka biya kuɗin tikiti. Katin rigakafin cutar shawara da ka shigo da shi kuwa, bar shi cikin fasfo, za a iya nemansa a can.

EgyptAir na kai mutum Alƙahira, daga can ya sake jirgi zuwa Hurghada ko Sharm el-Sheikh, garuruwan Masar da ke bakin Bahar Maliya. Mai son tsibirin Zanzibar na Tanzaniya maimakon Bahar Maliya kan bi ta Addis Ababa ko Nairobi.

Kada ka wahalar da kanka da tukunyar iska da dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu, ana ba da hayarsu a can. Jakar da ake aunawa yawanci kilo 23 ce, nan za ka sa rigar roba da takalman iyo da wuƙar nutso. Gilashin fuskar da ya zauna maka daidai, da na'urar shaƙar iska, da agogon da ke lissafa zurfi da lokaci, waɗannan jakar hannu za su shiga, domin in babbar jaka ta makale a hanya ba ka rasa komai ba. Batiran litiyam na tocila da kyamara ma a hannu ake riƙe su. Ka shanya kaya sosai kafin dawowa; jiƙaƙƙiyar riga nauyi gare ta a kan sikeli.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar dawowa. Mun saba da cin moriyar kuɗinmu har ƙarshe, sai mutum ya ce bari ya yi nutson ban kwana da safe, ya hau jirgi da yamma. Don Allah kada ka yi. A ƙarƙashin ruwa jiki na tsotsar iskar naitirojin, kuma a hankali take fita. Cikin jirgi matsin iska kan ragu kamar kana bisa dutse mai tsayin mita 2,000 ko fiye, sai iskar ta zama kumfa a jini da gaɓoɓi, ta kawo ciwo mai tsanani, wani lokaci har shanyewar jiki. Ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Ni dai awa 24 nake ba kowa shawara, kuma ɗan gajeren jirgin Hurghada zuwa Alƙahira ma yana cikin lissafin.

Mai sikila nutso ba nasa ba ne, mai asma kuwa sai likita ya duba shi tun a nan Akra. Ranar ƙarshe ka sha ruwa da yawa, ka shiga kasuwa ka sayo wa mutanen Zango tsaraba.